Abin da Horia Ya Goge

Ina dafa kofi a ɗan ɗakin da coci ta ara wa ƙungiyarmu, Horia yana goge gilashin idonsa, sai Otilia ta shigo ko gaisuwa babu. Ba ta cire gyale ba, ba ta zauna ba. Ta ajiye waya a kan tebur gaban Horia, ta danna, sai ga muryarta ita kanta tana fitowa daga ciki: "Mijina ne. Grigore ne ke kai wa hukuma rahoton mutanen benenmu. Na sani, kuma na yi shiru."

Ta kashe wayar. Ta ce, "Horia, muryar wace ce wannan?"

Horia ya tsaya da gilashin a hannu. Kofi ya tafaso ya zube a kan wuta, ni ma ban motsa ba, don makon da ya wuce, a ɗakin nan, a kan idona, Horia ya goge wannan muryar.

Mu tsofaffi ne 'yan kaɗan a garin Sibiu da muke naɗar muryoyin waɗanda suka rayu a zamanin tsohuwar gwamnati, mu sa a shafinmu na intanet don 'yan baya su ji. Horia ne shugaba, tsohon malamin lissafi, dogo, mai sanyin magana. Ni Smaranda, a ofishin tarho na ƙare aikina ina haɗa layi, shi ya sa har gobe in aka ce mini magana ta tashi daga nan ta isa can, abin da nake fara tambaya shi ne ta hannun wa ta bi. Mutanenmu ba sa buɗe baki da sauƙi. Abu ɗaya ne ke buɗe shi, wato alkawarin da Horia ke yi wa kowa kafin ya kunna rakoda: "Muryarka ce. Duk ranar da ka ce a goge, zan goge." Ba mu da kuɗi, ba mu da ofis na kirki, wannan alkawarin ne kaɗai jarinmu.

Alkawarin nan ne ya buɗe bakin Otilia. Ta faɗi abin da ta daɗe tana haɗiyewa a kan mijinta marigayi, Horia ya sa a shafi ranar Lahadi, Litinin da rana ta dawo idanu a kumbure ta ce a cire. Ɗanta Dorin, shi ke nan gare ta, yana aikin gini can ƙasar waje a Torino, kuma a wurinsa babu mutum irin ubansa. Ga addu'ar tunawa da uban tana matsowa, ranar da ake raba koliva, dafaffiyar alkama mai zaƙi ta sadakar mamaci. Horia bai yi mata gardama ba, ya goge daga shafi, ya goge daga rakoda, ta ga sunanta ya ɓace, ta sha kofi ta tafi. Masu sauraron shafinmu ba su cika bas ɗaya ba, muka ce ba wanda ya riga ya ji.

Yanzu ga ta tsaye a gaban Horia tana cewa:

"Jiya Dorin ya kira ni. Wani ne ya tura masa. Ya ce na tsaya sai da ubansa ya shiga ƙasa sannan na tsiraita shi a gaban duniya. Ya ce ba zai zo addu'ar ba, in ci kolivata ni da 'yan ƙungiyata."

Horia ya ce, "Otilia, a gabanki na goge."

"A gabana ka goge ɗaya. Ka ajiye wata a gefe, kamar yadda suke yi."

Ba ta faɗi su wa ba, ba kuwa sai ta faɗa ba, 'yan leƙen asirin tsohuwar gwamnati take nufi. A garinmu babu zagin da ya kai wannan, kuma Horia, wanda aka taɓa tsarewa saboda wata magana da ya yi a aji, ya ji shi har cikin ƙashinsa. Ta ɗauki wayarta ta fita.

Na goge murhu tsaf, sannan na juyo. "Ka ajiye?"

"Har ke, Smaranda?"

"Har ni. Ko uwata ce zaune a nan sai na tambaye ta."

Ban ji kunyar tambayar ba. Na san Horia, mutum ne da ko tikitin bas ba ya iya yarwa, ga shi kuma ya sha faɗa mini cewa a cikin duk abin da muka naɗa babu mai nauyin na Otilia. Ya buɗe shafin, ga sunanta nan zaune a inda yake a da, kamar ba a taɓa taɓa shi ba. Ya sake gogewa. Na ce, "To, ka goge. Gobe fa?" Ya dube ni, na dube shi. Muka ɗauki rigunan sanyi.

Shafinmu a wurin Tiberiu yake, wanda muke ce wa Tibi, ɗan wata maƙwabciyata marigayiya. Na sha share masa majina yana ƙarami, yanzu ga shi da tumbi da furfura a gemu, yana da ɗan kamfani a bayan shagon masu taya. Kyauta yake riƙe mana shafin, ni kuwa abin kyauta ban taɓa sakin jiki da shi ba. A cikin bas na lura da wani abu da ya ƙara ɗaure mini kai: shekara da shekaru muna cewa "kwamfutarmu da ke wurin Tibi", amma babu ɗayanmu da ya taɓa ganinta.

Muka same shi yana cin kovrigi, burodin nan mai siffar zobe, ɓarɓashi a gemu. Ya tashi da fara'a, yana kiranmu da Tanti da Nea, wato gwaggo da kawu. "Tanti Smaranda! Nea Horia! Wace iska ce ta kwaso ku? Ku zauna, ga kovrigi da zafinsa."

Na ce, "Ci abinka. Kwamfutarmu muka zo gani."

Ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya ɗauko makulli. Ya kai mu wani ɗaki mai sanyi kamar na mahauta, fankoki na ta gurnani. A ciki akwai kabad ɗin ƙarfe, a cikin kabad ɗin wasu akwatuna masu faɗi jere kamar farantan gasa burodi, fitilu ƙanana na ƙyaftawa. Ya nuna ɗaya.

Horia ya ce, "Wannan ce tamu?"

"A'a. Taku tana cikin wannan."

Na ce, "Buɗe mu gani."

"Tanti, ko na buɗe ba abin da za ki gani sai ƙura. Taku ba ta da jiki." Ya dafa akwatin. "Wannan ita ce ta ƙarfe, mai masauki muke ce mata. Tana da ƙarfin da ya fi na mutum ɗaya, to akwai wata manhaja da ke raba shi. Ta yanko ɗan ƙwaƙwalwa, ɗan wurin ajiya, ta haɗa, ta ce ga kwamfuta guda. Ta sake yankowa ta ce ga wata. Su ne baƙi. Kowace tana kunnuwa, tana kashewa, tana da nata kayan, ita a ganinta cikakkiyar kwamfuta ce. Taku ɗaya ce daga cikinsu."

"Wato muna da maƙwabta."

"In kin ga dama ki ce haka."

"Su wa?"

"Ba na faɗin sunan mutane, Tanti. Akwai likitan haƙori, akwai mai sayar da zuma, akwai makarantar rawa."

Sai na ji abin ya faɗa mini daidai. Na juya wurin Horia, har wani daɗi-daɗi nake ji, irin na wanda ya daɗe yana jiyo wari ya gano inda ɓeran ya mutu. Na ce, "Ka ji ko? An zuba mu gida ɗaya da mutanen da ba mu sani ba, ba a kuma faɗa mana ba. Tibi, a bene na tsufa, kada ka koya mini bango. Grigore ta bututun ɗumama ɗaki yake sauraron mutane. Wannan mai zumar, ɗan wane ne? Ubansa me yake yi a da?"

"Wayyo, Tanti, bar mai zuma, ko lambar sirrinsa ba ya iya tunawa. Wannan bangon ba shi da bututu. Ku zo ku gani."

Muka koma teburinsa. Ya shiga cikin tamu, ya ce mata ta nuna duk abin da take gani. Ta nuna kayanmu, muryoyinmu, shi ke nan. Ya ce mata ta nemo na wani, ta ce babu. "Ba wai an hana ta ba ne kawai," in ji shi, "ba ta ma san akwai wani ba. Na mai zuma ma haka. Kowa yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Mai gida ne kawai ke ganin kowa."

Horia ya ce, "Wane ne mai gida?"

"Manhajar da ke rabon."

"Makullinta fa?"

Tibi ya ɗan sosa gemu. "Yana hannuna."

Na kafa masa ido, irin kallon da nake yi masa yana yaro in ya ce ba shi ya sha madarar ba. Ya ɗaga hannu biyu. "Haba, Tanti! Ni? Na rantse da kabarin uwata ban taɓa sauraron ko ɗaya ba. Ina na ga lokaci? Mene ne wai ya faru? Wani abu ya ɓace muku? In dai ɓacewa ce ku kwantar da hankali, a wurina ba abin da ke ɓacewa. Ai ma godiya ya kamata ku yi mini. Kun san Talatar da ta wuce kwamfutarku ta mutu?"

Horia ya ce bai sani ba.

"To ka gani! Ba ku ma sani ba." Ya gyara zama, fuskarsa na sheƙi, ya ɗauki wani kovrigin. "Litinin da yamma ta yi wa kanta sabon gyara, gyaran ya lalata ta, da safe na tarar ta ƙi tashi. Da a ce ta ƙarfe ce, sai kun yi mako kuna kuka. Amma da yake ba ta da jiki, ita duka dunƙulen bayanai ce kawai, ana iya kwafe ta ɗungurungum yadda take a daidai wannan lokacin. Hoto muke ce masa. Kullum da safe ina ɗaukar hoton kowace baƙuwa. Sai kawai na ture matacciyar gefe, na ɗauko hoton Litinin da safe na tayar. Kafin kofina ya huce kun dawo, komai yana inda yake."

Horia ya laluba kujera ya zauna. Ya ce a hankali, "Litinin da safe."

"Ƙwarai."

"Ni kuwa da rana na goge."

Ya ba shi labarin Otilia a taƙaice. Na ga kovrigin ya tsaya a hanya tsakanin hannun Tibi da bakinsa, sannan ya mayar da shi cikin takarda. Ya ce, "Ba wanda ya faɗa mini an goge wani abu."

"Ba wanda ya faɗa mini kana ɗaukar hoto."

"Nea Horia, kowa a sana'armu haka yake yi. Wanda bai yi ba korarsa ake yi. Tun da na fara aikin nan mutane ke zuwa mini da kuka a kan abin da suka rasa. Kai ne na farko da ya zo a kan abin da ya ƙi ɓacewa."

Na tambaye shi hotunan nawa ne. Ya ce da yawa, kuma akwai kwafinsu a wata na'urar a wani gari, saboda gobara. Ya faɗi wannan da ƙaramar murya, abin da na tabbata jiya-jiya da alfahari zai faɗe shi. Haushi ya cika ni, kuma abin da ya fi ba ni haushin shi ne na rasa wanda zan ɗora wa. Na zo da shirin kama munafuki, na tarar da mai tumbi yana neman ya yi kuka. Na dubi Horia, na ji kunyar tambayar da na yi masa, amma ban faɗa ba. Shi abu ɗaya ya tambaya: ko akwai yadda za a nuna wa Otilia cewa ya goge. Tibi ya ce akwai, matacciyar tana nan, bai yar ba. Na ce ai na sani, kai ba ka yar da komai.

Otilia ba ta ɗaukar kiran Horia, don haka ni na je. Na same ta a kicin tana tsince alkamar koliva a faranti, alhali da sauran lokaci kafin addu'ar. Na ce ba roƙo na zo yi ba, ta zo ta gani da idonta, in ba ta gamsu ba ni da kaina zan taya ta zaginsa. Ta ce, "Ke kin yarda da shi?" Na ce, "Ni da ban yarda da kowa ba, na ce ki zo." Washegari da hantsi ta zo.

Tibi ya sa riga mai kwala, ya share tebur. Ya raba allon kwamfutarsa biyu, ya kira ta Doamna, wato uwargida, don girmamawa. "Doamna Otilia, wannan ta hagu ita ce kwamfutar ƙungiya yadda take Litinin da safe. Na tayar da ita a rufe, ba wanda ke ganinta sai mu." Ga sunanta nan a jere da na sauran. "Wannan ta dama kuma kayan da ke cikin wadda ta mutu ne, yadda ta kwana ranar Litinin ɗin." Otilia ta sa gilashi, ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi. Nata babu.

Ta ce, "Wato ya goge."

"Ya goge, Doamna. Ni na dawo da ita, ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon ta hagun. Ta ce, "Ita wannan ba ta san an yi Litinin da rana ba?"

"Ba ta sani ba. A wurinta har yanzu safiya ce."

Ta cire gilashin ta juya wurin Horia. "Na yi maka ƙazafi. Abin da na ce kana yi kamar su, na janye."

Na ga kafaɗun Horia sun sauka, ni ma na ji sanyi a raina. Tibi ya shiga goge hotunan da muryar ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, na nan da na can garin, yana kiran ranar kowanne da ƙarfi don ta ji. Abin ya ɗauki lokaci. Otilia na zaune da jaka a cinya tana kallo. Da ya gama ya ce, "Shi ke nan, Doamna. Yanzu babu."

"Haka wancan karon ma aka ce mini."

"Wannan karon da gaske ne."

"Wancan ma da gaske ne, ɗana. Dubi fuskar Horia." Ta miƙe tana gyara gyale. "Kai da ka iya mayar da Talata ta koma Litinin, akwai wani yaro a Torino, ko za ka gwada?"

Tibi ya sunkuyar da kai. Ta taka har bakin ƙofa, sannan ta tsaya gaban Horia. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Ba ƙarya ka yi mini ba, Horia. Amma ka yi mini alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Ni kuma a kansa na buɗe bakin da na rufe tun Dorin yana rarrafe."

Ranar addu'ar Dorin bai zo ba. Otilia ta yi koliva mai yawa kamar yadda ta saba, ta yi mata ado da sukari, ta tsaya a ƙofar coci tana zuba wa mutane a ƙananan kofuna. Ta ba ni, ta ba Horia, ta ce mu ci don ran Grigore. Muka ci. Tibi ya daina ɗaukar hoton kwamfutarmu sai ya tambaya, har ya rubuto mana bayani mai tsawo wanda ba wanda ya karanta. Ni kam na yarda ya goge duka. Kusan duka kwanaki na yarda.

Bayan addu'ar da 'yan kwanaki Nea Ilarie ya zo. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, Horia ya fi shekara yana lallashinsa, don ya ga abubuwan da ba wanda ya rage da ya gani. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya aske gemu, ya zauna gaban rakoda ya ɗora hula a gwiwa. Na zuba masa kofi. Horia ya kai yatsa kan maɓalli.

Ilarie ya ce, "Tsaya tukuna, Malam. An ce in mutum ya faɗa, daga baya ya ji ba ya so, kana gogewa. Haka ne?"

Tambayar da Horia ya saba amsawa tun kafin a rufe baki ce. Ya dube ni. Ni da ba na rasa ta cewa, na mayar da ido kan tukunyar kofi. A raina ina cewa ka ce e kawai, mutumin nan, ka ce e, ai Tibi ya gyara. Yatsansa na nan a kan maɓallin bai danna ba.

Ya ce, "Zan goge wadda nake gani."

Ilarie ya juya maganar a ransa. Ya ɗauki kofi ya shanye har ƙasa, ya ce ya yi daɗi, ya gode mini. Sannan ya sa hularsa, ba a naɗi ko kalma ɗaya ba, ya miƙa wa Horia hannu, ya ce, "Kai mutumin kirki ne, Malam." Muka ji takunsa yana sauka a matakala a hankali, yana riƙe da ƙarfen gefe, har ƙofar ƙasa ta rufe.